Tukunyar da Ba a Wankewa

A Kusada, in ka ce kana neman Hawwa'u sai a tambaye ka wacce, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Kulu mai funkaso, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofar. Gajeriyar mace ce, baƙa, mai kaurin damtse, ga baki da ba ya barin magana ta kwana a ciki. Ta yi shekara arba'in tana suyar funkaso, kuma a tsawon shekarun nan ba a ji wanda ya ci ya ce da sauran gyara ba. Wanda ma ya so ya faɗa, in ya ɗaga kai ya dubi fuskarta sai ya haɗiye maganar tare da lomar.

A Kaikai aka haife ta, gidan manoma masu ɗan fegi a bakin fadama inda suke shuka alkama da rani. Uwarta Inno ita ce mai funkason asali. Da Inno ta rasu aka zo rabon abin da ta bari, 'yan'uwa suka yi ta ja-in-ja a kan tumaki biyu da tasoshi, Kulu kuwa ta shiga ɗaki ta rungumo wata tukunyar ƙasa ta fito, ba wanda ya ko kalle ta. Wa zai yi gardama a kanta? Tukunya ce mai faɗin baki, ta yi baƙi ƙirin, busasshen ƙullu ya hau kan busasshen ƙullu a gefenta har ya yi kauri kamar ɓawon itace. Ta ɗora ta a ka tun daga Kaikai har Kusada inda take aure, ba ta sauke ba sai a ƙuryar ɗakinta.

Abin da ke cikin tukunyar shi ne dukiyar. A gidansu uwar ƙullu suke ce mata. Kwaɓin garin alkama ne mai tsami, mai rai, wanda in aka ɗibi ludayi biyu aka zuba a sabon kwaɓi, kafin wani lokaci sai ya kumbura ya cika ƙwarya. Duk ranar da aka ɗiba sai a bar na gindi, a zuba masa sabon gari da ruwan ɗumi, a rufe da faifai, gobe a tarar ya taso yana huci. Haka Inno ta karɓe ta daga tata uwar, kuma ba mai iya faɗin shekarar da aka fara ta. Ita ke ba funkason Kulu wani ɗan tsami mai sanyi da ke zuwa a ƙarshen loma, da laushin da ko ya kwana ba ya tauri.

Dokoki biyu Inno ta bari tare da tukunyar. Ta farko, ba a wanke ta, don rabin ƙarfin uwar ƙullu a jikin tukunyar yake. Ta biyu, ba a raba uwar ƙullu gida biyu. Wai in aka raba, albarkar za ta bi gida ɗaya ta bar ɗayan. Ta farkon kowace mace mai hankali za ta gane dalilinta. Ta biyun kuwa, gaskiyar magana, rowa ce aka naɗa wa rawani aka kira ta doka, amma Kulu ta riƙe ta kamar farilla.

Maƙwabciyarta Rahamatu ce ta fi kowa shan wannan dokar. Katanga ɗaya ta raba su. Mace ce mai tsabta da haƙuri, ita ma tana ɗan taɓa funkaso, sai dai nata kwaɓin ajiye shi take ya yi tsami da kansa, yau ya tashi, gobe ya ƙi motsi. Sau uku cikin shekara ashirin ta shigo da 'yar ƙwarya tana roƙon ludayi ɗaya. Sau uku Kulu ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, ta cika mata ƙwaryar da soyayyen funkaso, ta raka ta har zaure tana cewa, "Soyayye ki ci har ki gaji, Rahamu, amma ɗanye ba shi fita gidan ga."

Mijinta Malam Dabo tela ne, mutum mai sanyi, ya rasu da wuri, 'ya'ya biyun da suka haifa kuma duk sun koma tun suna goye. Sai ƙanenta ya kawo mata ɗansa Ma'aruf yana ɗan shekara uku, bayan uwarsa ta rasu. A bayanta ya girma, a gindin kaskonta ya yi wayo, har mutanen unguwa suka manta da sunan yanka suka koma kiransa Nagoggo. Funkason nan ne ya ɗinka masa rigar makaranta, shi ya saya masa akwatin ƙarfe da ya tafi sakandare. Kullum la'asar yana zaune a gefenta sa'ad da take buɗe tukunyar tana ciyar da ita, sai dai idonsa a kan kasko yake, yana jiran na farko ya fito.

Shekarar da aka sami mulkin kai, daga Kankiya aka aiko a ɗauke ta don abincin biki. Ta soya tun hantsi har la'asar sakaliya, manyan gari suna lasar yatsu suna tambayar ko daga Kano aka ɗauko mai girkin. Wannan labarin ta ba da shi ya fi sau dubu. Wanda ba ta cika bayarwa ba shi ne na shekarar fari, da ruwa ya ɗauke, fadama ta tsage, alkama ta zama sai gidan wane. Wata biyar ba ta ɗora kasko ba. Amma tana da ɗan ƙunshin garin alkama da ta ɓoye a tsumma, tana ɗebo tafi guda tana zuba wa tukunyar, ita kuma ta sha kunun dusa ta haƙura. Mutane sun rasa shanu a wannan shekarar, Kulu ba ta rasa uwar ƙullu ba.

To, sai ga zamanin man fetur. Nagoggo ya gama sakandare ya sami shiga jami'a a Zariya, inda aka ce ana ba su kaza su ci, a wanke musu kaya, a kuma bi su da alawus don sun daure sun ci kazar. Hutun farko ya dawo da suma tuli guda kamar an kifa masa ƙwarya, da wando mai faɗin ƙafa da ke share titi kyauta, da takalmi mai tudun dunduniya wanda in ya taka yashi sai ya yi tangaɗi. Abu na farko da ya sanar shi ne a daina ce masa Nagoggo, sunansa Ma'aruf. Kowa ya bi, har limamin unguwa. Kulu kaɗai ta ce ita dai Nagoggo ta goya, in akwai wani Ma'aruf a gidan to bai zo ya gaishe ta ba tukuna.

Yana da abokai biyu 'yan Kankiya. Basiru yana karatun kimiyya, mai tabarau ne, ba ya shan ruwan randa sai ya ɗaga moɗar ya duba ta a rana. Amiru yana karatun lauya, shi kuwa in ka yi masa sannu sai ya ba ka amsa kashi uku. Shi Ma'aruf harkar kasuwanci yake karantawa, mutumin da bai taɓa sayar da ko ƙuli-ƙuli ba. A dogon hutun damina na shekararsu ta biyu suka haɗa alawus ɗinsu, suka kama wani shago a Kankiya a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, suka sa aka gina musu murhun gashi a baya, suka kafa allo da jan fenti: Gidan Burodin Zamani.

Zo ka ga mutane! Dattawan da suka yi shekara talatin suna kasuwanci suka riƙa tsayawa a ƙofar shagon hannu a baya, suna kallon samari uku na auna gishiri a sikeli suna leƙa littafi. Aka ce ilmi ya zo gari. A ba su haƙƙinsu, burodin ya yi, masu shayi da direbobin manyan motoci suna saye. Amma ina abin kirari a nan? Fulawa daga buhu, sukari daga buhu, yis mai tayar da ƙullu daga gwangwani, ga littafi a buɗe yana faɗa maka yi kaza, yi kaza. In aka tara wa jaki waɗannan, shi ma zai fitar da wani abu.

Ranar da Ma'aruf ya kawo abokansa Kusada su gaishe ta, Basiru ya ɗaga faifan tukunyar ba tare da an ce ya ɗaga ba, ya toshe hanci ya ja da baya.

"Goggo, shekara nawa rabon wannan da wanki? Ai ƙwayoyin cutar da ke cikin nan sun isa su kwantar da gari guda."

"Ta girmi ubanka," Kulu ta ce, "kuma ba ta taɓa kwantar da kowa ba. Mai da mata faifanta."

Ma'aruf ya yi dariya, bakinsa cike da funkaso. "Ki yi haƙuri da shi, Goggo. Amma maganar gaskiya, zamanin waɗannan abubuwan ya wuce. Nan da shekara biyar ba mai cin funkaso, kowa burodi zai koma."

"To aje wanda ke hannunka."

Bai ajiye ba.

Ana cikin haka wani kamfani da ke gyaran hanya ya kafa sansani kusa da Kankiya, da leburori sun fi ɗari biyu. Akawun kamfanin ya ce su kawo burodi ranar Asabar a gwada. In ya yi, su za su riƙa kawowa kullum. Suka yi ta tafa hannu. Sai da suka gama murna sannan wani ya tuna ya leƙa gwangwanin yis, ya tarar abin da ya rage bai fi cokali ba. Masanin kasuwanci bai san ana duba kaya kafin a karɓi aiki ba. Amiru ya je Katsina, ya je Kano, ya dawo hannu rabbana. An ce jiragen ruwa sun cunkushe a Ikko, kaya ba sa sauka, yis ya ɓace a kasuwa. Suka gwada gashi ba yis. Abin da ya fito, da an jera shi da an yi katanga.

Basiru ne ya tuna da tukunyar. Ya buɗe littafinsa ya gano cewa abin da ke tayar da ƙullun tsohuwa ɗan'uwan abin da ke cikin gwangwani ne, har da sunansa na Turanci mai tsawo. Ya yi ta rawar jiki kamar shi ya fara gano shi a duniya.

Ranar Talata da hantsi suka iso Kusada cikin a-kori-kurar aro. Wannan karon ba wanda ya toshe hanci. Suka tuɓe takalma tun daga zaure, suka durƙusa, wandunan nan masu faɗi suna shan ƙasa. Amiru ya fara jawabi, ya kawo ci gaban ƙasa, ya kawo haɗa tsohon ilmi da sabo, Kulu tana tankaɗe ba ta ɗaga kai ba. Da ya gaji sai Ma'aruf ya matso kusa da ita.

"Goggo, ni ne fa. Nagoggonki ne. In Asabar ta yi ba mu kai burodin nan ba, na kunyata a gaban duk Kankiya."

Nan ne tsohuwa ta faɗi. Shekara biyu ke nan ba ta ji sunan nan daga bakinsa ba. Kuma a faɗi gaskiya, akwai daɗi a ce 'yan jami'a uku, da tabarau da littafi, sun zo sun durƙusa wa tukunyar Inno. Abin da haƙurin Rahamatu na shekara ashirin bai samu ba, kalma ɗaya ta same shi kafin tankaɗe ya ƙare.

"Ba a raba ta gida biyu," ta ce. "In za ta tahi, duka za ta tahi, da tukunyarta, ta dawo da tukunyarta. Ku ba ni kwana ukku in cika ta."

Kwana ukun nan ta dakatar da suya, tana ciyar da uwar ƙullu safe da yamma da gari mafi laushi, har ta cika tukunyar fam tana ɗaga faifai. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo ɗauka, suka tarar ta ɗaura zanenta na fita, ta yafa mayafi, ta shirya binsu. Suka dubi juna. Ma'aruf ya sosa sumarsa.

"Goggo, ki huta, hanya ba kyau. Kuma akawun kamfani zai zo ya ga wurin aikinmu. Ki dai faɗa mana yadda ake zubawa."

Ta gane sarai. Allon ya ce Zamani, tsohuwa da baƙar tukunya za su ɓata allon. Ta cire mayafin. Ta faɗa musu ludayi nawa ke ɗaukar kwano nawa na gari, ta ce musu uwar ƙullu ba ta son gaggawa, sai an ba ta ninkin lokacin da ake ba na gwangwani. Basiru ya rubuta komai. Abin da ba ta faɗa ba shi ne a bar na gindi, kuma kar a taɓa jikin tukunyar da ruwan wanki. Ya zo har bakinta, sai ta ga faɗinsa ma cin fuska ne. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar a gindin tukunyar nan yana kallo kullum la'asar, shi za a gaya wa? Suka naɗe tukunyar a buhu don kar a gane abin da suka ɗauko, suka sa a bayan mota.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Kulu tana zaune ba suya, in ta shiga ɗaki sai idonta ya faɗa kan zagayen da gindin tukunyar ya bari a ƙasa. Litinin da hantsi ta ji ƙahon mota.

Suka shigo suna annashuwa. Burodi ya yi, leburori sun ce ba su taɓa cin irinsa ba, akawu ya amince. Wani daɗin kuma, jiya yis ya iso daga Kano, gwangwani goma, saboda haka ba za su ƙara damunta ba. Amiru ya sauke wani kwali a gabanta, Basiru ya buɗe da kansa, yana murmushi irin na wanda ya kawo tsaraba daga Makka.

Da farko ba ta gane ta ba. Tukunya ce ja, jawur, launin da Kulu ba ta taɓa gani a jikinta ba, wataƙila Inno ma ba ta gani ba. Ɓawon nan na shekaru duk babu. Wani wari na tashi daga ciki, warin sabulu da na ruwan maganin da ake wanke asibiti da shi. A gindinta an kwantar da burodi guda biyu, don an koya musu ba a mayar da kwanon aro ba komai a ciki. Wannan kam sun riƙe.

"Wuni guda muka yi a kanta, Goggo," Basiru ya ce. "Sai da muka jiƙa ta a tafasasshen ruwa sau uku, muka bi ta da wuƙa da soson ƙarfe. Yanzu ko jariri aka dama wa kunu a ciki ba abin da zai same shi."

Ta sa hannu ta shafi cikin tukunyar, ta duba yatsunta. Ba komai.

"Na gindin hwa?"

"Wane na gindi, Goggo?"

"Uwar ƙullun. Ina kuka zuba ragowar?"

"Ai ba ragowa," Ma'aruf ya ce, har da ɗaga kafaɗa. "Da cokali muka kankare ta tas. A kasuwanci ba a barin kaya su tafi a banza."

Kulu ta janye hannunta daga tukunyar. Sai ta miƙe ta ɗauki mayafinta da 'yar ƙwarya da cokalin ƙarfe. "Ku tashi ku kai ni Kankiya. Yanzu."

Suka kama hanya. Tunaninta ɗaya ne: in wani ɗan abu ya maƙale a kwamin da suke kwaɓi, ko girman ƙwayar gero ne, muddin bai ga wuta ba za ta iya tayar da shi. Ta taɓa ganin Inno ta tayar da ita daga busasshen ɓawo bayan wata doguwar jinya. Suka isa, ta ratsa ta ƙarƙashin allon ba ta dube shi ba, ta wuce baya. Ga kwamin katakon nan dogo an jingine shi a rana, fari fat, yana irin wannan warin. Tebur haka, ludayi haka. Ashe duba-gari ne zai zo washegari, shi ne suka bi komai da tafasasshen ruwa da magani. Ta durƙusa ta bi tsagar katakon da cokali, ta bi kusurwa-kusurwa, ta leƙa ƙarƙashin tebur, tsohuwa 'yar sittin da wani abu tana rarrafe a gaban masu shayin da suka zo sari. Ta tambayi buhun da aka naɗe tukunyar, ko ta ɗan zuba a jikinsa. Aka ce an hura murhu da shi.

Su kuwa suna tsaye cirko-cirko. Da Basiru ya fahimci abin da take nema sai ya gyara tabarau ya shiga yi mata bayani, wai kar ta damu, waɗannan halittun suna nan ko'ina a iska, in ta kwaɓa gari ta ajiye kwana biyar wasu za su sauka. A ilmance duk ɗaya ne. Ma'aruf ya ɗauko gwangwanin yis sabo fil ya miƙa mata, wai kyauta, wannan ma ya fi sauri.

Ta dubi gwangwanin, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku ukku da gwamnati ke ciyarwa da kaza don ku yi tunani," ta ce, "cikinku ba wanda ya tsaya ya ce, shin tsohuwar ga mahaukaciya ce da ta bar tukunya shekara arba'in ba wanki, ko ko da dalili? Kun dai iya sunanta da Turanci. Allah shi ƙara ilmi." Ta ajiye gwangwanin a kan teburinsu mai tsabta, ta fita ta nemi motar kasuwa da kanta.

Da ta sauka a Kusada ba gidanta ta shiga ba. Ƙafarta ce ta kai ta ƙofar Rahamatu, da 'yar ƙwaryar a hannu. Tunani ne irin na wanda ya rasa madafa: ko cikin shekarun nan wata rana Rahamatu ta faki idonta ta lakata? Da ta yi, yau da Kulu ta durƙusa ta gode mata. Ta tarar da ita tana tsince wake. Rahamatu ta saurari labarin har ƙarshe, ta yi salati, idonta ya ciko, don ita ta san abin da aka rasa.

"Rahamu, don Allah gaya mani gaskiya, ba ni jin haushi. Ba ki taɓa ɗiba ba? Ko sau guda?"

"Ni ba ɓarauniya ba ce, Yaya Kulu. Sau ukku na roƙa, sau ukku kika hana, na haƙura." Ta dubi ƙwaryar da ke hannun Kulu. "Da kin ba ni, da yanzu sai in shiga ɗaki in cika maki wagga."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Kulu ta hana macen da za ta riƙe abin kamar ranta, ta miƙa shi ga masu wando mai share titi don ɗayansu ya kira kansa da sunan da take son ji. Wannan ba wanda ya gaya mata, ita ta gaya wa kanta tsakanin ƙofar Rahamatu da tata. Burodin nan biyu kuwa, su ne ƙarshen uwar ƙullun Inno, gasassu. Ta kasa ci, ta kasa ba kaji, ta bar su a lungu har suka yi fumfuna.

Amma mai sana'a ba ta zama. Ta jiƙa tukunyar, ta shanya, ta turara ta da hayaƙi har warin asibitin ya ragu, ta kwaɓa sabon gari ta rufe da faifai. A kwana na shida ya fara motsi, kamar yadda mai tabarau ya faɗa, kuma wannan ma wani baƙin cikin ne. Ta soya, ta gutsuri na farko ta sa a baki. Ya tashi, ya yi laushi, ba laifi. Sai dai tsamin ya zo tun farkon loma, mai kaifi, ya wuce bai bar komai ba. Funkaso ne irin na kowa, irin na Rahamatu a ranar da ta yi sa'a. Ta zauna a gindin kasko ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Inno, har mai ya ƙone.

Ta fitar da shi kasuwa tana jiran a tanka. Ba wanda ya tanka. Mutanen da suka yi shekaru suna rantsuwa da funkason Kulu suka saya, suka tsoma a miya, suka kora da ruwa suka kama gabansu. Da yawansu ma hankalinsu ya koma kan burodi da shayi. Ta ce a ranta waɗannan 'yan kasuwa ne, ciki kawai suke cikawa. Akwai dai mutum ɗaya da aka raine shi da funkason nan, shi ba zai ci ya kasa ganewa ba.

Ranar da hutu ya ƙare Ma'aruf ya zo sallama, akwatinsa a zaure. Gidan burodin sun bar wa wani ɗan'uwan Amiru ya riƙa kula da shi kafin wani hutun. Tun ranar Kankiya bai leƙo ba, ya ce ayyuka ne suka yi yawa. Ya zauna a inda ya saba zama tun yana ɗan shekara uku, ya ce ta yafe musu kuskure, ai ya ji an ce komai ya daidaita. Ta tsamo na farko daga kasko ta sa masa a faranti, ta zuba masa zuma, ta koma ta zauna tana kallon bakinsa. Abin da take so kaɗan ne. Ya tauna, ya tsaya, ya ɗaga kai ya ce, Goggo, me ya sami funkason? In ya faɗi haka ta yafe, don an sami wanda ya san an yi rashi.

Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya lumshe ido, ya lashe yatsa.

"Kai, Goggo! Naki dai ba ya canjawa. Wallahi ko ido rufe aka ba ni na san na tukunyar Inno ne. Kin gani ko? Dama Basiru ya ce duk ɗaya ne."

Ta daɗe tana dubansa. Shekara goma sha biyar tana ɗura wa wannan bakin abin da ya fi komai daraja a hannunta, ashe da dusa ta riƙa soya masa da bai san bambanci ba. Ta ɗauki matsami ta tsamo wani, ta ƙara masa.

"Ci ka ƙoshi, Ma'aruf," ta ce. "Hanya da nisa."

Ya ɗago da sauri, fuskarsa ta washe. Ya ce alhamdu lillahi, yau dai Goggo ta waye, ta kira shi da sunansa. Ya ɗauki akwatinsa ya fita yana tangaɗi a kan takalman nan, yana jin daɗi. Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan ranar, kuma ba ta sake ce masa Nagoggo ba.